Daga Dutsen Dala Zuwa Kufan Zamfara: Yadda Ake Ziyartar Tsohon Wurin Tsafi



Duk ɗan Gummi, Bukkuyum ko Anka da ya taɓa shiga motar Kano ya haddace hanyar: Daki Takwas, Anka, Mayanci, Gusau, Tsafe, Funtuwa, har a sauke ka a tasha ƙafafu sun kumbura. Abin da ke kai mu kuwa bai wuce uku ba: atamfa da shadda a Kantin Kwari, sayen waya, ko ganin likita. Da wuya ka ji wanda ya ce ya je Kano don ya hau Dala. In ma ka furta, sai wani ya dube ka ya ce, "Kai malam, wurin tsafi na fa, mi za ka yi can?"

Gaskiyarsa, a da wurin tsafi ne. Shi ya sa ma na ga ya dace in yi wannan rubutu. Zan bayyana abin da aka riƙa yi a Dala, da yadda mutanen Japan suke riƙe da irin waɗannan wurare nasu, da yadda Musulmi zai kai ziyara ba tare da ya taɓa imaninsa ba. Daga nan mu dawo gida yammacin Zamfara, inda namu wuraren tarihin suke ƙarewa, wasu ko sunansu ba a rubuta ba.

Dala kafin Kano ta zama birni

Dala dutse ne na jar marmara a tsakiyar tsohon birnin Kano, kuma yau ƙaramar hukuma guda sunansa take amsawa. Masu binciken tono sun samu alamun narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, wato mutane sun daɗe a gindinsa kafin a yi sarki ko ganuwa. Tama ce ta fara jawo su, ga ruwa kusa, ga tudun da za a hango abokin gaba tun daga nesa.

Mafi yawan abin da aka sani game da tsafin wurin daga littafin Tarihin Kano ya fito. An rubuta shi da Larabci, wani Bature mai suna Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, sannan ya fito da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Wanda ya taɓa leƙa sashen Hausa a laburare ya ga littafin.

Bisa ga wannan littafi, shugaban mutanen wurin shi ne Barbushe, daga zuriyar wani mutum mai suna Dala, wanda dutsen ya ci sunansa. An siffanta Barbushe da ƙato, baƙi, mafarauci mai kashe giwa da sanda. Abin bautarsu Tsumburbura, kuma mazauninta wani itace ne da ake kira Shamus, wanda aka kewaye da katanga. Babu mai shiga cikin katangar sai Barbushe, kuma sun yi imani duk wanda ya shiga ba shi ba, mutuwa zai yi.

Barbushe a kan dutsen yake zaune, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. In ranar ta zo, mutane su taho daga gabas da yamma, kudu da arewa, maza da mata, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. Su taru a gindin Dala da yamma. In duhu ya yi ya fito da makaɗansa, a rankaya wurin itacen, a yi yanka, ya shiga shi kaɗai. In ya fito sai ya faɗa musu abin da ya ce zai auku a shekara mai zuwa. Har ila yau akwai kurmin Jakara, mai baƙin ruwa, wanda su ma suke tsoro suke girmamawa. Yau Jakara magudanar ruwa ce a tsakiyar gari, kurmin kuwa sai sunansa da ya rage a jikin Kasuwar Kurmi.

Ku lura da abubuwa huɗu a nan, don za mu sake cin karo da su a wata ƙasar: dutse, itace, katangar da ta raba na ciki da na waje, da kuma taron shekara-shekara.

Yadda tsafin ya kau

Abin bai kau a dare ɗaya ba. Bisa lissafin da masana suka fitar daga littafin, Bagauda ya zama sarkin Kano na farko a 999, Gijimasu kuma ya fara ginin ganuwa a farkon ƙarni na 12. Duk da haka masu tsafin sun ci gaba da riƙe asirinsu, suna ja da sarakuna shekara da shekaru. Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, shi ne ya ci su da yaƙi ya rushe katangar. A zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka iso daga Mali da addinin Musulunci, aka naɗa liman da ladan, aka gina masallaci a ƙarƙashin itacen. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, littafin ya ce aka sare itacen aka tayar da hasumiya a gurbinsa.

To ka ga, wanda ya hau Dala yau ba zai tarar da Tsumburbura ba, ba zai tarar da mai yanka ba. Abin da zai gani shi ne birnin da kiran salla ke tashi daga kowace kusurwa. Kuma ba zai san nauyin wannan ni'ima ba sai ya san cewa an kwashe fiye da shekara ɗari huɗu tsakanin Bagauda da Rumfa ana fafatawa. Malaman da suka rubuta Tarihin Kano Musulmi ne, da Larabci suka rubuta, amma ba su goge labarin Barbushe ba. Sun bar mana shi mu san daga inda aka taso.

Ƙasar da irin wannan bauta ba ta kau ba

Japan ba wurin zuwan ɗalibin da ke lissafin kuɗin garin kwaki ba ne, amma littattafai da intanet sun kawo mana ita har ɗakin kwana. Addinin gargajiyarsu shi ake kira Shinto. Ba shi da annabi, ba shi da wanda ya kafa shi. Abubuwan bautarsu suna kiransu kami, kuma suna ganin suna zaune a duwatsu, manyan itatuwa, koguna, ko kuma ruhin magabata ne. In ka ce ya yi kama da yadda Maguzawa suke ɗaukar iskoki a kuka da tsamiya, ba ka yi nisa da gaskiya ba. Bambancin shi ne, nasu ya ci gaba har zamanin jirgin ƙasa mai gudun tsiya, kuma akwai wuraren bautar Shinto wajen 80,000 a ƙasar.

Ga yadda ziyarar take a wurinsu. Farko mutum zai iso wata ƙofa ta ginshiƙai biyu da gungume biyu a gicciye a sama, ba ta da ƙyaure, ana kiranta torii. Ita ce iyaka tsakanin waje da ciki. Sai ya ɗan rusuna kafin ya wuce. In ya shiga ba ya bin tsakiyar hanya, gefe yake bi, don sun ce tsakiya ta kami ce. Gaba kaɗan akwai kwarmin ruwa da ludayi mai dogon hannu. Ya ɗebi ruwa sau ɗaya, ya wanke hannun hagu, ya wanke na dama, ya zuba a tafi ya kurkure baki, sannan ya daga ludayin sauran ruwan ya gangara ya wanke marikin saboda mai zuwa bayansa. Kada wani ya ce alwala ce, ba ita ba ce, al'adarsu ce ta tsarkake jiki. A gaban ɗakin bautar sai ya jefa tsabar kuɗi a akwati, ya kaɗa ƙararrawa in akwai, ya rusuna sau biyu, ya tafa sau biyu, ya yi roƙonsa, ya sake rusunawa sau ɗaya.

Manyan itatuwan da suke girmamawa suna ɗaura musu igiyar da aka tuƙa da karan shinkafa, kowa ya gani ya san ba a taɓawa. Masu buƙata suna rubuta ta a ɗan allon katako su rataye, kuma ɗalibai masu shirin jarrabawa suna cikin waɗanda suka fi yin haka. Babban taronsu na sabuwar shekara ne. A wurin bautar Meiji da ke Tokiyo, wanda aka gina a 1920, mutum wajen miliyan uku ke zuwa a kwana ukun farko na watan Janairu. Dajin da ya kewaye shi dasa shi aka yi, da itatuwa wajen 100,000 da jama'a suka bayar daga sassan ƙasar.

Wanda ya fi kama da Dala shi ne wurin bautar Omiwa a yankin Nara. Babu ɗakin ajiye abin bauta a can, dutsen Miwa kansa suke fuskanta. Mai son hawa sai ya nemi izini, kuma ba a ɗaukar hoto, ba a cin abinci, ba a tsinke ko ganye. Ga dutse, ga itace, ga iyaka, ga taron shekara. Abubuwa huɗun nan da muka gani a Kano, ga su a ƙasar da ba ta taɓa jin sunan Barbushe ba.

Musulmin da ya je irin wurin nan, ko don karatu ko don aiki, ba ruwansa da rusunawa da tafi da jefa kuɗi, kuma ba mai tilasta masa. Zai tsaya gefe, ya rage murya, ya kalla, ya fita. Abin da nake so mu ɗauka daga wurinsu daban ne: kowane yaro a can ya san yadda ake shiga tsohon wuri da yadda ake fita, kuma an tsara wanda zai gyara shi in ya tsufa.

Ginin da ake rushewa don kada ya mutu

Mafi girman wuraren bautar Shinto shi ne na Ise, a yankin Miye. Tarin wurare ne guda 125, babbansu na Amaterasu ne, wadda gidan sarautar Japan ke danganta kansa da ita. Ɗakin ciki yana bayan shinge huɗu, talaka ba ya wuce na waje. Ginin kansa ba wani ƙawa gare shi ba: katako ne ba fenti, da rufin ciyawa, a ɗage bisa ginshiƙai, kamar rumbun hatsi. Dama daga siffar rumbun shinkafarsu na da aka samo shi.

Abin mamakin shi ne, duk shekara 20 sai su gina sabo fil a filin da ke gefe, daidai da tsohon, su kwashe kayan bautar su mayar can, su warware tsohon. An fara wannan a shekara ta 690. Yaƙe-yaƙen cikin gida sun taɓa tsayar da shi fiye da shekara ɗari, amma aka dawo aka ci gaba. Karo na 62 an yi shi a 2013, na gaba kuma 2033 ake sa rai. Tsohon katakon ba a zubarwa, rarraba shi ake yi ga wasu wuraren. Tun 1923 suka fara dasa dajin da za a sari katakonsa bayan shekara 200.

'Yan sashen gine-gine za su gane hikimar nan da nan. Shekara 20 ita ce tazarar da kafinta zai yi aikin yana yaron shago, ya sake yi yana gwani, ya sake yi yana mai koyarwa. Katako yana ruɓewa, amma sanin yadda ake fiƙe shi da haɗa shi ba ya ɓacewa, don kullum akwai mai rai da ya taɓa yi da hannunsa.

Kada kuma a ce wannan dabarar masu bautar kami ce kawai. A garin Jenne na ƙasar Mali akwai masallacin laka mafi girma a duniya, ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne. Duk shekara gari ke fitowa kwansa da kwarkwatarsa a yi masa yaɓe, samari su kwaɓa ƙasa, mata su kawo ruwa, magina su taka azarar giginyar da aka bari tana leƙowa daga bango. Mu ma ai mun san wannan. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san in rani ya yi nisa sai an yi yaɓe, an duba indararo, kafin ruwan farko. Ganuwa ma da aikin gayya ake gyara ta a da. Ranar da aka daina fitowa gayya, ranar ginin ya fara mutuwa, ko da bai faɗi ba tukuna.

In za ka hau Dala

Na hau Dala lokacin da nake aikin koyon sana'a a Kano, kuma ga abin da zan ba duk mai niyya shawara a kai.

Da farko gyara niyya. Alƙur'ani a wurare da dama ya umarci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su ga yadda ƙarshen na da ya kasance. Zuwa don ilimi da wa'azi daban, zuwa don neman biyan buƙata daban. Ba a yanka, ba a roƙon dutse, ba a ɗibar ƙasar wurin a ce magani ce. Mu da muka fito daga yankin da aka haifi Malam Abubakar Mahmud Gumi ba sai an tsawaita mana bayani a kan shirka ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya tambayi malaman masallacin makaranta kafin ya tafi.

Na biyu, lokaci. Je da sanyin safiya ko bayan la'asar. Matakala 101 ce, ba ta da yawa a baki, amma da tsakar ranar bazara za ka ji a jikinka. Riƙe ruwa, sa takalmin da ba ya santsi, kuma ku tafi ku biyu ko uku.

Na uku, gaisuwa. Gidajen mutane sun kewaye dutsen, ta lungunansu za ka bi. Yi sallama ga dattawan da ke zaune a ƙofar gida, ka ce, "Baba, baƙi ne mu daga Zamfara, muna son hawa." Sau da yawa a nan za ka samu wanda zai raka ka, ya ba ka labarin da ba ya cikin littafi. In ya raka ka, ka sallame shi da abin da ya sawwaƙa.

Na huɗu, waya. Daga saman Dala ana hango Gwauron Dutse, da Babban Masallacin Juma'a mai koren tulluwa, da Gidan Rumfa, da rufin Kasuwar Kurmi. Ɗauki hotonsu son ranka. Amma daga can kuma ana hango tsakar gidajen mutane, inda mata suke aikinsu ba lulluɓi. Kauda kyamararka daga nan, wallahi ba abin sa wa a TikTok ba ne.

Na biyar, kada ka bar komai, kada ka ɗauke komai. Ledar ruwanka ta koma aljihunka. Kada ka kankare sunanka da na budurwarka a jikin dutse. Marmara ce, ruwan sama ma yana zaizaye ta, ba ta buƙatar taimakonka. Tun 2007 Dala da ganuwar Kano suke cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, kuma shara ba ta taimaki wannan nema ba.

In ka sauko, ƙarasa Gidan Makama kusa da fadar sarki, wanda yanzu gidan tarihi ne. Abin da ka hango daga sama, a can za ka ga bayaninsa.

Mu dawo gida

Yanzu ga tambayar da ta fi damuna. Kano tana da Dala da littafinta. Daura tana da rijiyar Kusugu. Sakkwato tana da Hubbaren Shehu, Katsina tana da hasumiyar Gobarau. In baƙo ya zo Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya ce a kai shi wurin tarihi, ina za mu kai shi, kuma wa zai yi masa bayani?

Tarihin dai muna da shi. Jihar Zamfara a 1996 aka ƙirƙiro ta, amma daular Zamfara tana cikin tsofaffin daulolin ƙasar Hausa. Labarin baka ya ce daga Dutsi sarautar ta faro, kuma a cikin jerin masu mulkin har da mace, 'Yargoje. Daga baya aka gina Birnin Zamfara, wanda Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci a shekarun 1760, suka kafa Alƙalawa. Sarakunan Zamfara suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan har suka zauna a Anka a farkon ƙarni na 19. Shi ya sa har gobe Sarkin Anka ake kira Sarkin Zamfara, kuma shi ke shugabantar majalisar sarakunan jiha. Sarkin Gummi kuwa Sarkin Mafara ne, na Bukkuyum Sarkin Danko, kuma kowace sarauta a cikinsu tana ɗauke da labarin inda mutanenta suka fito. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, kuma a 1805 jama'arsa ta yi zango a Sabon Gari kafin ta wuce Gwandu. Duk inda aka yi irin wannan ƙaura, an bar kufai, an bar rijiya, an bar kushewa.

Irin na Dala ma muna da shi a jiha. Dutsen Kwatarkwashi da muke wucewa bayan Gusau, manya suna ba da labarin bikin da ake yi a da, inda samari ke hawa su kamo maiki da hannu. A garuruwanmu na bakin Gulbin Zamfara kuwa, kusan kowa ya san wata tsohuwar kuka ko tsamiya da kakanni suke hana yara zuwa gindinta da tsakar rana. Mun yi watsi da camfin, kuma daidai ne. Sai dai tare da camfin mun watsar da labarin: wa ya fara zama a wurin, me ya sa aka tashi, ina ƙofar gari take a da.

Abubuwa uku suna cinye abin da ya rage. Na farko ruwa. Ambaliyar da ta auka wa Gummi a daminar 2024 ta nuna mana abin da gulbi ke yi wa ginin ƙasa a kwana ɗaya. Na biyu haƙa. Duniya ta san sunan Anka da Bukkuyum a 2010 ne saboda gubar dalma daga aikin zinariya, wadda ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano ta a Bagega. Mai neman zinariya ba ya tambayar ko ramin da yake tona tsohuwar makabarta ce. Akwai kuma masu tona don kayan tarihin kansu: mutum-mutumin yumɓu da ake dangantawa da yankunan Sakkwato da Katsina an yi ta sace su ana kai wa Turai, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan da ta gargaɗi masu saye a kansu a shekara ta 2000. Na uku, kuma mafi ciwo, rashin tsaro. Ƙauyuka sun watse, sun zama sababbin kufai. Tsohon da ya san sunan kowace rijiya a garinsu yanzu yana zaman gudun hijira a cikin Anka ko Gummi, kuma in ya rasu ya tafi da abin da ke kansa.

Aikin da ya dace da mu

Ba ina cewa kowa ya ɗauki jaka ya shiga daji neman kufai ba. A'a, rai ya fi tarihi, kada wanda ya fita bayan gari saboda wannan rubutu. Aikin da nake nufi a cikin gari yake, kuma bai fi ƙarfin ɗan difloma ba.

Ɗan safiyo ya ɗauki ma'aunin inda ragowar ganuwa da tsofaffin ƙofofi suke, ko da wayarsa ce. Ɗan gine-gine ya auna tsohon zaure ko masallacin unguwa, ya zana shi, ya zauna da magini ya rubuta yadda ake kwaɓa ƙasa, da yadda ake jera azara, da yadda ake haɗa makuba. Mai koyon aikin jarida ya naɗi muryar tsofaffi. 'Yan uwa mata, ku ne za ku iya shiga cikin gida wurin su Inna da Goggo, kuma abin da ke bakinsu na waƙoƙin daka da labarin aure da ƙaura ba ya bakin maza. Ɗan aikin gona ya ƙirga tsofaffin kukoki da tsamiyoyin gari, ya auna kaurinsu. Ɗan kwamfuta ya tattara duka ya adana, a ajiye kwafi a laburaren makaranta. Masu neman kan furojet, ga shi nan a ƙofar gidanku, ba sai kun kwafo na wata jiha ba.

Ladabin kuwa shi ne dai na Dala. Fara da mai unguwa ko hakimi, ka faɗi ko kai ɗan wane ne da abin da ya kawo ka. Durƙusa ka gaida tsoho, ka ce, "Baba, so nake ka ba ni labarin garinmu," kuma kada ka katse shi don ya ambaci iskoki ko tsafi. Rubuta yadda ya faɗa, da ranar da ya faɗa. A makabarta yi sallama da addu'a kamar yadda addini ya koyar, kada ka taka kabari. In ka ci karo da tsohuwar tukunya ko wani abu da ƙasa ta tona, kada ka sayar, kada ka tallata wurin a Facebook. Dokar ƙasa ta hana tonawa da cinikin kayan tarihi ba izini, kuma akwai hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979 don wannan aiki. Sanar da fada, su san hanyar da za a bi.

Ni zangon ƙarshe nake, kwana kaɗan ya rage mu ajiye biro. Ku da kuke da sauran hutu a gaba, kowa ya dawo da shafi ɗaya: sunan wuri ɗaya a garinsu, inda yake, halin da yake ciki, da abin da tsoho ɗaya ya faɗa a kansa. Ku miƙa wa editocin wannan mujalla. In mutum hamsin suka yi haka, fitowa ta gaba za ta ƙunshi abin da ba a taɓa tarawa wuri ɗaya ba game da garuruwanmu.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara, ya sa mu gama karatu lafiya. Amin.